Ranar Da Na Kulle Kaina Daga Gidan Leonie

Wata daga cikinku ta rubuto min makon jiya ta ce ta gaji da ni. Ta ce mutum mai shekara hamsin da biyu, da furfura har a gira, ya kwashe wata takwas yana kiran mace a waya yana yi mata hirar kebul, in ba tsoro ba mene ne? Baiwar Allah, ban ji haushi ba. Yayata Voula ta riga ki faɗa, kuma ita da ludayi a hannu ta faɗa.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Thanasi a gidanmu, Arthur a wurin aiki da wurin duk wanda harshensa ya ƙi lanƙwasuwa. A Adelaide aka haife ni, a nan nake aiki. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina zana cip, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, wadda ke cikin wayar da kuke karanta ni da ita. Na taɓa aure, ya mutu shekara tara da suka wuce, ba faɗa ba zagi. Ranar da za ta tafi ta ce, "Thanasi, in na tambaye ka ranar Litinin ko kana so na, sai Alhamis nake samun amsa, kuma da sharuɗɗa." Na yi kwana uku ina nazarin maganar, na ga tana da gaskiya.

Ba kare kaina nake ba, amma sana'ar ce haka. A wurinmu ba a gyara bayan an aika. Shekara ɗaya da rabi kana zane, kana gwadawa cikin kwamfuta, kana sake gwadawa. Ranar da aka aika wa masana'anta aka gasa shi, shi ke nan, kuskurenka ya zauna daram a cikin cip miliyan guda, da sunanka a takarda. Don haka gwarzo a ofishinmu shi ne wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Kada a aika tukuna." Ni na ɗaga hannun nan fiye da kowa. Har lambar yabo aka ba ni.

Leonie kuwa a asibitin ido muka haɗu, watan Satumba. Ni na kai Mama a cire mata yanar ido, ita ta kawo mahaifinta Clem, tsoho ɗan tamanin da huɗu mai ji da kunne ɗaya. Doguwa ce, takalmin gona a ƙafarta a tsakiyar birni, rigar ulu ruwan toka da ta ɓule a gwiwar hannu, gashi a ɗaure da robar ɗaure takardu. Mijinta ya rasu shekara shida, ita ke riƙe da tumaki dubu biyu a bayan Cleve, tafiyar awa shida daga nan. Mama, wadda ko a layin sayen kifi sai ta tallata ni, ta ce mata, "Ɗana ne. Shi ke yin abin da ke cikin kwamfuta."

Leonie ta juyo. "To Allah ya kawo ka. Intanet ɗina ba ya fita daga kicin. So nake ya kai rumfar askin tumaki da tankin ruwa, in daina tuƙa kilomita huɗu don kawai in leƙa ko ruwa ya ƙare. Ka iya?"

Na ce, "Ƙaramin abu ne."

Jama'a, rautar gidana a lokacin, wato akwatin nan mai raba intanet, kalmar sirrin da aka manna a gindinta tun daga shago nake amfani da ita. Na zana cip ɗin da ke cikin irin akwatunan nan, amma yadda akwati ke magana da akwati, ban san ko oho ba. Kamar mai ƙera kusa ne aka ce ya gina gida.

Sai na koma ɗalibi. Na sayo tsofaffin rauta biyar daga wata makaranta da ke kwashe kaya, na jera su a teburin cin abinci, a kan mayafin tebur da Mama ta saƙa da hannunta. Kebul shuɗi, kebul rawaya, littattafai uku masu kaurin bulo. Abinci a tsaye nake ci, a bakin wurin wanke-wanke. Na raɗa wa kowace rauta suna, ɗaya Kicin, ɗaya Rumfa, ɗaya Tanki, na gina gonar Leonie a falona, ban da tumakin.

Abin da ya fara ɓata min rai a karatun shi ne rashin alƙawari. A cikin cip, agogo ɗaya ke bugawa, kowa ya taka tare. Saƙo ya bar nan, na san daidai lokacin da zai isa can, domin ni na auna hanyar. Babu abin da ke ɓacewa. A netwok kuwa sai a yanka saƙonka ƙunshi-ƙunshi, a watsa a hanya, kowane ya bi inda ya samu. Wani ya isa, wani ya makara, wani ya faɗi ba wanda ya nemi gawarsa. In ba ka ji an ce "ya iso" ba, ka ɗan jira, ka sake aikawa. Shi ke nan dabarar.

Na ɗauki littafin na je wurin Suchitra, matar da ke kula da netwok ɗin ofishinmu, wadda shekara goma muna gaisawa ban taɓa tambayarta aikinta ba.

"Kina nufin duk duniya a kan 'Allah ya sa ya isa' take tafiya?"

Ba ta ɗago daga kofin shayinta ba. "Eh. Kuma ga ta tana tafiya."

"Wannan ai ba aikin injiniya ba ne. Addu'a ce."

"Ku masu cip kun saba da duniyar da kuka zana da kanku. Mu a tsakanin mutane muke. Zauna, dattijo, in nuna maka yadda ake raba adireshi."

Sau biyu na je gonar, a Nuwamba da Disamba. Na hau rufin kwano da rigata mai gidan dara, ɗaya daga cikin bakwai iri ɗaya da nake da su, na kafa eriya, Clem yana ƙasa yana ba ni umarnin da ba ni ji. Aiki ya yi. Ruwan tanki ya bayyana a wayarta, kyamarar rumfa ta nuna tumaki suna kallon bango. Na kuma buɗe wa kaina wata 'yar hanya, yadda daga falona zan iya shiga rautarta in gyara abu.

Gaskiyar da ban taɓa rubuta muku ba ita ce: tun Disamba aikin ya ƙare. Abin da ya biyo baya duk ƙirƙira ce. Duk Talata da Juma'a da yamma sai in kira in ce akwai wani ɗan abu da nake so in duba. Minti goma mu yi a kan rauta, awa guda a kan sauran duniya. Ta gaya min yadda mijinta ya faɗi a bakin shinge, da yadda har yau ba ta iya bin wannan gefen da safe. Na gaya mata abin da matata ta ce ranar tafiyarta. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce, "Amma dai ka kan ba da amsar daga baya?" Na ce ina ganin eriyar tanki tana buƙatar a ɗan juya ta.

Ranar Lahadin da ta wuce muna gidan Mama, Voula ta ajiye tiren spanakopita, burodinmu mai alayyafo da cuku, a gabana da ƙarfi har cokula suka yi tsalle.

"Asabar mai zuwa ƙarfe ɗaya, gidana. Despina za ta zo. Ka san ta a coci, mai zama layi na uku, mijinta ya rasu bara waccan. Ka sa riga mai launi ɗaya, don girman Allah."

"Yaya, ina da aiki."

"Aikin tumaki? Wata takwas! Ka ce mata wani abu?"

"Ina shiryawa."

Ta juya wurin Mama. "Kin ji ko? Yana shiryawa. Haka ya shirya har waccan ta haɗa akwati."

Mama ta ƙara min yanka ɗaya a faranti. "Bar shi ya ci abinci. Amma ɗan nan, ni dai idon da aka gyara min, ba don in kalli talabijin aka gyara shi ba."

Kuma da gaske ina shiryawa. Akwai saƙo a wayata da na fara tun Janairu. Na sake shi sau talatin da ɗaya. Ina da kwafin kowane, da kwanan wata.

Washegari Litinin, ina ofis, wayata ta yi ƙara.

Leonie: Arthur, Bevan ya samo min dish irin nasa, na tauraron ɗan Adam. Ya ce yana zuwa da akwatinsa, ba ya buƙatar gyare-gyare. Asabar da safe zai kafa.

Leonie: Ka huta da wahalata.

Bevan maƙwabcinta ne, kilomita tara tsakaninsu. Gwauro, ɗan hamsin da takwas, shi ke gyara mata shinge, shi ke kawo itacen hunturu. Na so a ce mugu ne. Na neme shi da aibi wata takwas, abin da na samu kawai yana sa gishiri a kankana.

Na rubuta amsa huɗu na goge. Ta biyar ta ce: Madalla. Da alamar babban yatsa.

Na zauna ina kallon babban yatsan nan. Asabar da safe akwatina zai shiga kwali, tare da dalilina na kira. Ranar Talata in ɗauki waya in ce mata me?

Sai na yanke shawara irin tawa. Juma'a zan ɗauki hutu, in gama aikin gaba ɗaya, in gina mata katangar tsaro da na daɗe ina jinkirtawa, ta ga akwatina ma ba ya buƙatar gyare-gyare. Ina gamawa in aika saƙon. Aiki biyu, rana ɗaya.

Katangar nan ba komai ba ce illa jerin dokoki da kake ba rauta: wa zai shiga, wa zai fita. Layi goma sha huɗu na rubuta. Na farko: a hana kowa, shiga da fita. Na huɗu: ban da Arthur. Na biyar: ban da mutanen gida. Tsaf, kamar yadda nake son abu.

Yanzu ku saurara, don a nan na mutu. In na rubuta layi ɗari na zanen cip, duk a tare suke aiki, domin ba umarni nake bayarwa ba, wayoyi nake shimfiɗawa. Na sama da na ƙasa duk ɗaya ne. Rauta kuwa soja ce. Tana jin layin farko take aikatawa, ba ta jiran na biyu. Na san haka. Yana cikin littafi, na ja masa layi da jan biro. Na ma gwada a falona, amma a can kebul ne ya haɗa ni da akwatin kai tsaye, ba ta ƙofar da ake rufewa nake shiga ba. Kai ya sani, hannu ne ya shekara ashirin da bakwai yana wani abu daban.

Ƙarfe tara na safe, da kofi a gefe, na kwafe layukan na zuba. Allon ya yi shiru.

A sana'armu shiru albishir ne. Gwaji in bai yi ihu ba, ya wuce. Na miƙe, na gyara wuyan riga, na ɗauki waya, na buɗe kwafi na talatin da ɗaya. Na danna.

Tik ɗaya. Ya bar hannuna, bai isa ba.

Na jira minti ɗaya. Biyu. Na koma kan kwamfuta na buga harafi, bai fito ba. Sai na gane. Rautar ta ji "a hana kowa," ta ce to, ta rufe ƙofa ina tsakiyar magana. Layi na huɗu bai taɓa isa kunnenta ba. Kuma gonar Leonie babu sabis ko ɗigo. Wayarta, wayar gida, agogon hannun Clem mai kiran asibiti in ya faɗi, duk ta akwatin nan suke bi. Daga kilomita ɗari biyar da wani abu, da yatsa ɗaya, na yanke mace da tsohon ubanta daga duniya.

Na kira Suchitra. Ta bari na gama, sannan ta yi dariyar da sai da ta ajiye wayar.

"Barka da shigowa, dattijo. Duk wanda ke aikin nan ya taɓa yi. Ni wani reshen banki na kulle, ina da ciki wata bakwai. Ka adana dokokin?"

"Ban kai nan ba."

"To gode wa Allah. A zare wuta a mayar, za ta manta haukarka, ta koma yadda take jiya. Minti biyu."

"Wa zai gaya mata?"

"Ba ta da maƙwabci?"

Na yi gyaran murya. Tun ranar Litinin na ba ta labarin Bevan.

"Arthur? Au. Mai dish ɗin." Ta sake fashewa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi minti huɗu ina neman wata hanya. Sai na tuna agogon Clem. Lambar Bevan na cikin wayata tun Disamba, Leonie ce ta ba ni saboda irin wannan rana. Na kira.

"Injiniya!" in ji shi, da muryarsa mai tafiyar hawainiya, injin tarakta na ruri a bayansa. "Lafiya dai, aboki?"

Na yi masa bayani. Bai yi dariya ba. Da ya yi da na fi jin daɗi.

"Ba komai, kowa na kuskure. Bari in kira ta a oba-oba, shi ba ya bin intanet."

Bayan minti goma sha biyar ya kira ni. "Na gaya mata. A zare a mayar. Ta ce ta ji."

"Ta ce za ta yi?"

"Ta ce ta ji, aboki. Ni dai iyakar abin da ta ce ke nan. Na ce ko in zo in yi mata, ta ce in zauna inda nake. Clem lafiya lau, yana zagin kaji. Oba-oba na kusa da ita, nawa ma a kunne yake, kada ka damu."

Akwai wani ɗan umarni da ke ƙwanƙwasa ƙofar akwati duk daƙiƙa, ya gaya maka ko an amsa. Na kunna shi na zauna. Babu amsa. Babu amsa. Babu amsa. Layi na bin layi, kofi ya huce. Zare wayar wuta a mayar, ko Clem zai iya. Ƙarfe goma ta wuce. Goma da rabi. Na ce ko fushi ta yi. Na ce ko kuwa ta ga ba amfanin tashin akwatin da gobe za a jefa a kwali. Wannan na biyun ya fi yi min kama da gaskiya, shi ya sa ya fi ciwo.

Sha ɗaya saura kwata na ɗauki kebul, laftof, da buroshin haƙori, na fita. Ban shirya ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri.

Kusa da Port Wakefield Voula ta kira.

"Gobe ƙarfe ɗaya. Na sayi rago."

"Yaya, ba zan zo ba. Ina hanyar Cleve."

"Me ya faru?"

"Na lalata mata intanet."

"Da gangan?"

"A'a!"

"Kash. Da na ce ka fara hankali." Na ji tana rufe firiji. "Despina fa? In ce mata me?"

"Ki ce mata Allah ya tsare ta."

"Thanasi. In ka je har can ka dawo ba ka buɗe bakin nan ba, kada ka zo gidan Mama ranar Lahadi. Kuma ka kula da kangaru in rana ta yi ƙasa, ka ji ko? Ka ci wani abu a hanya."

A Port Augusta na tsaya shan mai, na sayi fai, burodin nan mai nama da miya a ciki, na zauna a mota. Na buɗe saƙon. Har yanzu tik ɗaya. Muddin bai isa ba, ina iya goge shi, ba wanda zai taɓa sanin an yi shi. Na karanta shi daga sama, na ga kuskure biyu a sakin layi na uku, na ga kalmar "mai yiwuwa" sau shida. Yatsana ya tsaya a kan gogewa. Na san muryar da ke magana a kaina, ita ta ciyar da ni shekara ashirin da bakwai: kada a aika tukuna.

Amma na yi wata takwas ina karanta yadda akwatuna marasa rai ke yi. Ba su da tabbacin komai. Ba su san ko hanya a buɗe take ba, ba su san ko na can yana raye ba. Suna aikawa, su jira, in shiru su sake. Na raina su da farko. A filin gidan man nan, da miya a gaban rigata, na ga sun fi ni ƙarfin hali. Na kife wayar a kujera na tayar da mota.

Rana ta yi ja a kan gonakin alkama lokacin da na karya zuwa hanyar tsakuwa. Karnuka biyu suka tare ni a ƙofa. Clem na zaune a baranda da bargo a gwiwa.

"Kai ne ka kashe min wasan ƙwallo?" ya ɗaga murya.

"Ni ne, Baba."

"Eh?"

"Ni ne!"

"To ai ba sai ka yi ihu ba. Tana ciki."

Kicin na ƙamshin naman tunkiya da albasa. Leonie na tsaye a bakin murhu, da rigar ulun nan, ɓulin gwiwar hannun ya ƙaru. Oba-oba na kan tebur, wayarta kusa da kwanon sukari. Rautar na kan firiji inda na ajiye ta, fitilunta na ƙyalli kamar ba ta yi komai ba.

"Awa takwas tun da ka yanke mu," ta ce, ba ta juyo ba. "Ka tsaya cin fai."

"Leonie, ki yi haƙuri. Kuskurena ne. Na sa dokar hanawa kafin..."

"Bevan ya gaya min. A zare a mayar."

"To me ya sa ba ki yi ba?"

Ta rage wuta, ta goge hannu a tawul, sannan ta juyo ta kalle ni sosai.

"Da na yi, da ka ga fitilarka ta koma koriya, ka aiko min babban yatsa, ka zauna a Adelaide wata takwas kuma. Baba na gabana yini guda, oba-oba na hannuna, tanki na tuƙa na je na duba kamar da. Na ce bari in ga ko mutumin nan yana da ƙafa."

Ta miƙa hannu bayan firiji ta kama wayar wutar.

"Tsaya," na ce. "Akwai saƙo a hanya. Kina mayarwa zai faɗo."

"Na rauta?"

"A'a."

"Tun yaushe yake hanya?"

"Ƙarfe tara. Ko in ce tun Janairu."

Gefen bakinta ya motsa, ta danne. Hannunta na nan a kan wayar. "To ko ka gaya min, ko akwati ya gaya min. Zaɓi. Nama na ƙonewa."

Kwafi talatin da ɗaya, jama'a. Kalma ɗari huɗu da sittin. Na buɗe baki, babu ko ɗaya a ciki.

"Aikin ya ƙare tun Disamba," na ce.

"Na sani. Tumaki nake kiwo, ba tunkiya ba ce ni."

"Ba don eriya nake kira ba. Ke nake so. Ban gwada maganar nan ba, ban san ko daidai take ba."

Ta zare wayar wutar. Fitilu suka mutu. Ta ƙirga goma a fili, a hankali, tana kallona, sannan ta mayar. Rautar nan minti biyu take ɗauka kafin ta farka, na sani domin na auna. Ban taɓa sanin tsawon minti biyu ba sai ranar. Ta juya naman. Ta ɗauko faranti uku. Daga baranda rediyon Clem mai bin intanet ya fara magana, muka ji ya ce, "Yauwa!"

Wayarta ta girgiza a jikin kwanon sukari.

Ta sa tabarau, ta ja kujera, ta karanta shi duka, ni ina tsaye da kebul a hannu kamar wanda ya zo karatun mita. Sau biyu ta koma sama. Da ta gama ta cire tabarau ta murza ido da bayan hannu.

"Na bakin ya fi," ta ce. "Wannan kamar takardar inshora."

Sai ta ɗauki oba-oba ta danna. "Bevan, kana ji na?"

Ƙara, sannan muryarsa. "Ina ji, Leonie. Ya dawo?"

"Ya dawo. Gobe ƙarfe takwas ɗin tana nan, ka zo da dish ɗin."

"Sai na zo."

Na fara naɗe kebul ɗin, don hannu ya sami abin yi. Na ce, "Na gane. Bevan mutumin kirki ne."

"Mutumin kirki ne, na kuma gaya masa matsayinsa tun bara, ya karɓa kamar namiji. Dish zan sa, Arthur, saboda ina son intanet da ba wanda zai kashe min daga falonsa." Ta karɓe kebul ɗin daga hannuna ta jefa a kan firiji. "Akwatinka gobe zai shiga kwali. Ranar Talata in ka kira, ba ka da eriya, ba ka da tanki, ba ka da abin dubawa. Sai ni. Za ka iya?"

Na ji tsohuwar muryar ta taso, tana neman kwana uku ta yi nazari.

"Zan iya," na ce. Ranar Juma'a aka tambaye ni, ranar Juma'a na amsa.

Ta tura min faranti. "To zauna. Ɗakin baƙi a gyare yake tun azahar. Kuma ka kwanta da wuri, Bevan ba ya son hawa rufi shi kaɗai. Kai za ka riƙe masa tsani."